Yadda Aka Fara Ce wa Talaka Ya Sayo Magani a Waje

Tun da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ake ta muhawara kan ko hakan zai farfaɗo da asibitocin karkara. Masu muhawarar ba su cika tambayar abin da ya kwantar da asibitocin ba.

Labarin zamanin Turawa gajere ne: disfensaren En'e jefi-jefi, sai asibitocin mishan. Da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, ana duba mutum a asibitin gwamnati a ba shi magani kyauta, in ya samu ya isa. Taron Alma-Ata na 1978 ya yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000.

Sai farashin mai ya faɗi. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar Naira, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. A 1987 Bankin Duniya ya ba ƙasashe matalauta shawarar su riƙa karɓar kuɗi daga marasa lafiya. A shekarar ce kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako: a zuba wa asibiti jarin magani, ya sayar, ya sake sarowa. Ministan lafiyar Najeriya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi aiki tuƙuru wajen kai rigakafi ƙauyuka, wannan ba a musu. Amma a zamanin ne nauyin lafiya a matakin farko ya koma kacokan kan ƙananan hukumomi, mafi rauni cikin matakan gwamnati uku.

Wasu na ɗora laifin kan jahilci, wai mutanen ƙauye sun fi yarda da boka da ungozoma. Ban yarda ba. Mutanen nan su ne suke cika layi duk ranar da aka ce magani kyauta ne. Kuɗi ne ya kore su. Mace tana naƙuda, a miƙa wa mijinta takarda: safar hannu, auduga, allura, ruwan ƙari. Sai ya kai akuya kasuwa, ko ya ɗebi geron da aka ajiye don damina, kafin ya nufi kemis. Wanda ya ga haka sau ɗaya, haihuwa ta gaba a ɗaki za a yi ta.

Nijar ta gwada komawa baya a 2006, ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Iyaye mata suka yi tururuwa zuwa asibiti, sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin, bashi ya taru.

A Najeriya, inshorar lafiya da aka ƙaddamar a 2005 ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fi amfana, manomi bai san da zamanta ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asibitocin matakin farko, amma sai a 2018 aka sa shi cikin kasafi. Har yau kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fita. Shugabannin ƙananan hukumomi, in kuɗin da Kotun Ƙoli ta ce a ba ku ya iso hannunku, ku fara da ɗauke wa mai naƙuda wannan takarda.