Kek ɗin tuffa

Kek ɗin tuffa wani nau'in kayan zaƙi ne da ake gasawa da fulawa, ƙwai, sukari, bota da yankakkiyar tuffa, galibi tare da kirfa. Asalinsa abincin ƙasashen sanyi ne, musamman Turai, inda itacen tuffa ke yi sosai. A ƙasar Hausa bai daɗe da shiga gidaje ba, kuma har yanzu abin marmari ne da ake yi wa iyali lokacin Sallah ko buɗa-baki ko zuwan baƙi. Abin da ya bambanta shi da kek na yau da kullum shi ne ruwan da ke jikin tuffar, wanda ke sauya yadda ake kwaɓa shi da gasa shi da ma ajiye shi.

Suna da asali

Kalmar tuffa daga Larabci Hausa ta aro ta, ko da yake a kasuwa an fi jin "aful". Tushen itacen yana tsaunukan Tian Shan na tsakiyar Asiya, inda tuffar daji mai suna Malus sieversii ke tsirowa har yau a kewayen birnin Almaty na Kazakistan. A yanzu Sin ce ke noma kusan rabin tuffar duniya.

Gasa tuffa cikin kwaɓin fulawa tsohuwar al'ada ce a Turai. Wani rubutun girki na Ingila daga ƙarshen ƙarni na 14 ya kawo haɗin tuffa da ɓaure da busasshen inabi, ba tare da sukari ba. A Faransa akwai Tarte Tatin, wanda ya samo suna daga 'yan'uwa mata biyu, Stéphanie da Caroline Tatin, masu otal a garin Lamotte-Beuvron a ƙarshen ƙarni na 19. Ana jera tuffar a ƙasa cikin narkakken sukari, a rufe da kwaɓi, sai an gasa a kife shi. A Birtaniya kuwa, ƙarancin bota da fulawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yaɗa wani salo mai sauƙi da ake murza fulawa da ɗan mai a barbaɗa kan tuffa a gasa.

Tuffa a ƙasar Hausa

Yawancin irin tuffa ba sa yin fure sai sun samu ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salshiyas ba. Sanyin hunturu na Katsina bai kai nan ba, don haka ba a noman ta a yankin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, duk da albarkar ƙasar wajen masara da dawa da auduga. Ana samun ta kaɗan a wurare masu tudu irin Jos da Mambila, amma akasarin wadda ake sayarwa a Najeriya daga waje take zuwa, musamman Afirka ta Kudu. Daga tashar jiragen ruwa ta Legas take haurowa zuwa manyan kasuwanni kamar 'Yan Lemo da ke Kano, sannan ta isa hannun masu tebur da masu baro.

Wannan doguwar hanya ce ke sa ta tsada. A gari kamar Ruwan Godiya tuffa ba 'ya'yan itacen kullum ba ce irin mangwaro ko gwaiba. An fi ganin ta a matsayin tsarabar wanda ya dawo daga Funtuwa ko birni, ko kayan dubiya. Kek na da amfani a nan: tuffa uku ba za su zagaya babban gida ba idan za a ci ɗanya, amma cikin kek kowa na iya samun yanki. Haka nan wadda ta fara laushi ko ta ɗan bugu, da ake karyar da kuɗinta, tana yin kek lafiya lau muddin an yanke wurin da ya ɓaci.

Kayan haɗi da kwaɓi

Ma'aunin da aka saba shi ne tuffa matsakaita 3, fulawa giram 250, sukari giram 150, bota giram 125, ƙwai 3, bekin foda ƙaramin cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1, da madara kamar rabin kofi. Koriyar tuffa mai tsami, irin Granny Smith da aka fara samu a Ostareliya a 1868, ta fi dacewa domin ba ta narkewa a wuta, kuma tsaminta na rage nauyin zaƙi. Ja mai zaƙi ma tana yi, sai dai a rage sukari.

Ana fere tuffar, a cire tsakiya da ƙwayayen, a yanka ƙanana. Da zarar iska ta taɓa ta takan yi duhu, shi ya sa ake matsa mata lemon tsami. Ana buga bota da sukari har su yi haske, a riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan a zuba tankaɗaɗɗiyar fulawa da bekin foda da kirfa da madara. Tuffa ce ke shiga a ƙarshe.

Kusan kashi 85 cikin 100 na tuffa ruwa ne, kuma tana sakin sa a lokacin gashi. Saboda haka kwaɓin yana bukatar kauri fiye da na kek ɗin biki. Idan ya yi ruwa, tuffar takan nutse ƙasa, tsakiya ta ƙi nuna, gefe kuma ya ƙone; asarar ƙwai da bota kenan gaba ɗaya. Barbaɗa wa yankakkiyar tuffar ɗan fulawa kafin a zuba ta yana taimakawa.

Gashi ba tare da obin ba

A obin ana gasa shi a digiri 180 na tsawon minti 40 zuwa 50. Sai dai gidaje da yawa ba su da obin, inda yake ma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Gashi kuwa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, tunda gurasa a tanderu ake yin ta. Dabarar da mata suka fi amfani da ita ita ce ta tukunya: a zuba busasshen yashi ko tsakuwa a gindin babbar tukunya mai kauri, a rufe a bari ta ɗauki zafi kamar minti 10, sannan a ɗora gwangwanin kek a kan yashin. Yashin na hana wuta taɓa gwangwanin kai tsaye, yana kuma raba zafi daidai.

Matsalar tukunya ita ce zafinta daga ƙasa kawai yake zuwa. Maganinta shi ne a rage garwashin ƙasa, a kwashe wani a ɗora bisa murfi domin saman ya yi ja. Gawayi ya fi itace a nan, saboda harshen wuta ba ya tsayawa wuri guda kuma hayaƙi na shiga kek. Ba a buɗe murfi a minti 25 na farko, don kada ya faɗa. Ƙananan gwangwanaye, irin na madara, sun fi babban faranti nuna da wuri. Ana gane ya yi idan aka soka tsinke a tsakiya ya fito ba kwaɓi a jikinsa.

Ajiya

Damshin da ke sa shi laushi shi ne kuma ke saurin lalata shi. Alkaki da dubulan da cincin na iya yin makonni, shi ya sa suke shiga gara da kayan biki. Kek ɗin tuffa kuwa da wuya ya wuce kwana biyu a waje lokacin bazara, a firji kuma yakan kai kwana huɗu ko biyar. Ana barin sa ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da ya taru a leda ko kwano yana jawo fumfuna.