Wahala Ba Ta Ba Da Murya: Tarihin Amy Winehouse Da Mawaƙa Mata Na Gabaninta

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma zai kai mu nesa da gida, can Amurka da Ingila, wajen wasu mata da Allah Ya hore wa murya. Na san wata za ta ce, to ina ruwanmu da mawaƙan Turawa, mu da ko yarensu ba ma ji? Ki ɗan gyara zama 'yar'uwa, ba tallar kiɗa na kawo miki ba. Akwai wata magana da ake yawan yi a kan waɗannan mata, wai wahala ce ta ba su murya, wai ba don baƙin ciki da shaye-shaye ba da waƙarsu ba ta ratsa zuciya haka ba. Ni dai ban yarda ba, kuma tarihinsu ne shaidata. Wadda za mu fi tsayawa a kanta ita ce Amy Winehouse, 'yar birnin Landan, wadda ta mutu a 2011 tana da shekara 27. Amma bari mu faro daga tushe, don a gane irin waƙar da ta gada.

Irin waƙar tata ana ce mata sol, ma'ana waƙar da ke fitowa daga ƙoƙon rai. Asalinta na baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka aka kai su noman auduga da rake. A gona suna aiki suna waƙa, ɗaya ya bayar saura su amsa, kamar dai yadda zabiya take bayarwa 'yan amshi su karɓa. Bayan an haramta bauta a 1865, wannan waƙa ta rabu gida biyu. Ɗaya ta shiga coci ta zama waƙar ibadarsu, ɗaya kuma ta zauna a bakin titi da gidajen rawa, ana kuka da talauci da cin amanar masoyi, ita ce ake kira buluz. Wajen shekarun 1950 sai mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko salon cocin suka ɗora a kan zancen soyayya da zaman duniya. Haɗuwar nan ita ta haifi sol.

Tun farko mata ne suka buɗe wannan kasuwa. A 1920 wata mai suna Mamie Smith ta yi faifan buluz, aka saye shi kamar me, daga nan ne kamfanoni suka gane cewa akwai kuɗi a muryar baƙar mace. Bayanta Bessie Smith ta yi tashe, har ana ce mata sarauniyar buluz. Ta mutu a haɗarin mota a 1937, kuma duk da dukiyar da aka tara da muryarta, kabarinta ya yi shekara 33 babu ko alamar suna. Sai a 1970 wata mawaƙiya Baturiya, Janis Joplin, ita da wata mata suka biya kuɗin dutsen da aka kafa. Wata biyu bayan haka ita ma Janis ta mutu, ƙwayar heroyin ce ajalinta, tana da shekara 27.

Sai Billie Holiday, wadda aka haifa a 1915. Ta taso cikin talauci da wulaƙanci, amma ta zama gwanar waƙar jaz. A 1939 ta rera wata waƙa a kan yadda fararen fata ke rataye baƙaƙe a bishiya a kudancin Amurka, a lokacin da faɗin hakan ke buƙatar ƙarfin zuciya. Giya da heroyin suka kama ta. A 1947 aka ɗaure ta, da ta fito kuma aka hana ta takardar izinin yin waƙa a gidajen rawar birnin New York, wato aka toshe mata babbar hanyar cin abinci. A 1959 tana kwance a gadon asibiti hantarta ta lalace, 'yan sanda suka zo suka kama ta a nan kan gadon, suka sa mai gadi a ƙofa. A nan ta cika tana da shekara 44, abin da ya rage mata a banki bai kai dala ɗaya ba. Ita ma Dinah Washington, wadda Amy ke kwaikwayo tun tana yarinya, magungunan barci ne suka kashe ta a 1963, tana da shekara 39.

To yanzu mu tsallaka teku mu zo Ingila. An haifi Amy Winehouse ran 14 ga Satumba, 1983, a arewacin Landan, a gidan Yahudawa. Ubanta direban tasi ne, uwarta kuma mai harhaɗa magunguna. Gidan masu son jaz ne, kakarta ta wajen uba ma ta taɓa yin waƙa. Tana shekara tara iyayenta suka rabu. Ta yi makarantar koyon wasan kwaikwayo da waƙa, ta kuma rera a ƙungiyar jaz ta matasan ƙasar. A 2003, tana shekara 20, ta fitar da faifanta na farko mai suna Frank. Wanda ya ji muryar bai ga mai ita ba sai ya rantse wata dattijuwar baƙar fata ce, alhali yarinya ce 'yar firit.

A 2006 ta fitar da na biyu, Back to Black, shi ne ya kai sunanta ko'ina a duniya. A lokacin da kowa ke kiɗa da kwamfuta, ita sai ta koma tsohon yayi na shekarun 1960, da makaɗa na gaske masu ganga da ƙaho. Har adonta na da ne, ta tara gashi sama kamar an kifa tulu, ta ja kwalli har gefen ido. Waƙar da ta fi tashe a faifan sunanta Rehab, wato gidan da ake kai masu shaye-shaye don a raba su da shi. Labarin gaske ne. Masu kula da harkarta sun nemi ta je a yi mata magani, ta ƙi, mahaifinta kuma a lokacin ya ga abin bai kai nan ba. Ki duba wannan al'amari da kyau. Yarinya ta fito fili ta ce ba ta da lafiya kuma ta ƙi magani, duniya ta ɗauki maganar ta mayar abin rawa a gidan biki.

A watan Mayun 2007 ta auri wani saurayi mai suna Blake Fielder-Civil, wanda daga baya ya faɗa da bakinsa cewa shi ya fara ba ta heroyin. Cikin watanni kaɗan aka kwashe ta zuwa asibiti saboda ƙwaya ta yi mata yawa. 'Yan jarida masu ɗaukar hoto suka yi sansani a ƙofar gidanta dare da rana, in ta fito a rame tana tangaɗi su ɗauka su sayar, masu barkwanci a talbijin su yi ta dariya da ita. A watan Fabrairun 2008 ta ci kyautar Grammy guda biyar a dare ɗaya, ita ce mace 'yar Birtaniya ta farko da ta yi haka. Ko zuwa Amurka karɓa ba ta samu yi ba saboda matsalar biza, daga Landan ta rera aka haska ta tauraron ɗan'adam. Mijin ya shiga kurkuku, auren ya mutu a 2009. Ta yi ƙoƙari ta rabu da ƙwaya, sai giya ta maye gurbi.

Ran 18 ga Yunin 2011 aka hau da ita dandali a Belgrade, babban birnin ƙasar Sabiya, tana cikin maye, ko baitin waƙarta ba ta iya tunawa. Dubban mutane suka yi mata ihu, wasu suka ɗauka a waya suka watsa a intanet. Mako biyar bayan haka, ran 23 ga Yuli, mai gadinta ya tarar da ita a kan gado babu rai. Binciken kotu ya nuna giyar da ke jininta ta ninka fiye da sau biyar abin da dokar Ingila ta yarda direba ya sha, kuma ba a sami haramtacciyar ƙwaya a jikinta ba. Ta yi 'yan makonni ba ta sha ba, sai ta koma ta sha da yawa lokaci guda. Yayanta ya ce akwai kuma wani ciwon da ya daɗe yana cin ta tun tana budurwa, na cin abinci a je a amayar da gangan don gudun ƙiba, shi ya raunana jikin.

Ra'ayin mutane a kanta ya kasu. Wasu sun ce babu kamarta a zamaninta, ita ta share wa irin su Adele hanya, kuma Adele ɗin ma ta faɗi haka. Wasu suka ce ai kayan baƙaƙen mata ta ara ta yafa, aka ba ta lada don fatarta fara ce. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Makaɗan da suka yi mata kiɗa a waƙoƙi da dama na faifan nan, Dap-Kings, asalinsu makaɗan wata baƙar mace ce, Sharon Jones. Ita Sharon kamfanoni sun daɗe suna korar ta, wai ta cika baƙi, ta cika gajarta da ƙiba, har ta yi aikin gandiroba a kurkukun New York, ba ta fitar da faifanta na farko ba sai a 2002 tana da shekara 40 da ɗoriya. Sai dai a yi wa Amy adalci, ba ta taɓa ɓoye malamanta ba, kuma ita ke rubuta waƙoƙinta da hannunta. Kashi na uku kuwa cewa suke ita ta jawo wa kanta, kada a tausaya mata.

Inda nake jayayya shi ne da masu cewa wahalar ce sirrin muryar. Mu yi lissafi mana. Faifai biyu ta yi, duka kafin ta faɗa hannun heroyin da hodar iblis. Daga 2007 har ta mutu ba ta iya kammala na uku ba. Billie Holiday a ƙarshen rayuwarta muryar ta dushe ta kakkarye. Whitney Houston, wadda ta koyi waƙa a coci a wajen uwarta, a zagayen da ta yi a 2010 har mutane na tashi suna fita don muryar ta tafi, kuma a 2012 aka tsinci gawarta a bahon wanka na otal, da hodar iblis a jininta, tana da shekara 48. Murya baiwa ce daga Allah, sai koyo da naci su goge ta. Shaye-shaye bai ƙara wa ko ɗayansu komai ba, cinye abin da suka zo da shi ya yi.

Ga kuma waɗanda suka sha wahalar suka tsallake. Ella Fitzgerald uwarta ta rasu tana budurwa, ta yi kwanan titi, ta ci gasar waƙa a 1934, ba a san ta da shaye-shaye ba, ta rayu shekara 79 da Grammy 13. Aretha Franklin, sarauniyar sol, ta rasa uwa tana shekara goma ba ta cika ba, ta haihu tun tana ƙaramar yarinya, ta yi auren fari mai ɗaci. Amma kakarta ta riƙe mata 'ya'ya, 'yan'uwanta mata biyu suka zama 'yan amshinta, ta rayu har 2018 tana da shekara 76. Tina Turner ta gudu daga hannun miji mai duka a 1976, ko dala ɗaya babu a hannunta, ta sake tashe a 1984 tana da shekara 44, ta rasu a 2023 tana da 83. Abin da na lura da shi, wadda ta samu mai tsaya mata, ko ta samu ƙarfin barin mai cutar da ita, ta ga tsufa. Wadda kuwa na kusa da ita ke ci da ita, ko suna jin nauyin faɗa mata gaskiya, ita ce ke tafiya da wuri.

Kada mu ce abin na can ne. A 2018 ne gidan BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu illa, har da Kano a ciki, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Wasunsu a cikin ɗaki suke, da aurensu da 'ya'yansu. Ta fara ne don ta samu barci, ko don ta manta da kishiya, ko wata ƙawa ta ba ta a gidan biki. Bambancinta da Amy, ita babu mai ɗaukar ta hoto, sai dai a yi ta tsegumi a bayan idonta.

Don haka uwa, in kin ga 'yarki ta rame, barci ya yi mata yawa, magana na jan baki, kuɗi na ɓata, kwalabe na taruwa a ƙarƙashin gado, kada ki ce rufin asiri ya fi. Ki ja ta a jiki ki tambaye ta abin da ke damun ta, ki sanar da mahaifinta ko mijinta ko wani babba mai hankali, a haɗa da addu'a a kai ta wajen likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa da ke wannan aiki, irin na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Kuma kada a ce a raba ta da shi dare ɗaya a gida, yankewa kwatsam na da nasa haɗarin, aikin likita ne. Iyalan Amy sai bayan ta mutu suka kafa gidauniya da sunanta, har suka buɗe gidan farfaɗo da 'yan mata a Landan a 2016. Aikin alheri ne, amma tasu 'yar ba ta amfana ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa waɗanda suka faɗa ciki, Ya ba mu ikon faɗa wa namu gaskiya tun da sauran lokaci.