Canal du Midi: hanyar ruwan da ke hawan tudu da jirgi

Mu da muka saba da kwalekwale bisa kogin Isa, daga Ayorou zuwa Gaya, mun san ruwa gangare yake bi. To a kudancin Faransa akwai wata hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu, wadda ta kwashe sama da shekara 340 tana hawan tudu da jirage. Sunanta Canal du Midi, tsawonta kilomita 240, daga birnin Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Sète, bakin Bahar Rum.

Dalilin haƙa ta kasuwa ce. A wancan zamani, mai son kai alkama ko ruwan inabi daga Bahar Rum zuwa tekun Atalantika sai ya zagaye ƙasar Sifen baki ɗaya, ga nisa, ga ƴan fashin teku. An daɗe ana maganar yanke hanya, amma abu guda ya gagara: ina za a samu ruwan da zai cika wurin da ya fi tudu? Wanda ya warware wannan shi ne Pierre-Paul Riquet, mutumin Béziers, mai karɓar harajin gishiri. Ya tattaro ƙoramun dutsen Montagne Noire, ya tara ruwansu a madatsar Saint-Ferréol, ya jawo shi zuwa Naurouze, mita 189 bisa teku. Daga nan ruwan ke rabuwa biyu, wani gabas wani yamma.

Sarki Luwi na 14 ya sa hannu a 1666. Wajen mutum 12,000 suka yi aikin, maza da mata, da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa ciki har bashi ya hau kansa, ya rasu a watan Oktoba 1680, aka buɗe hanyar a watan Mayu 1681. Bai ga jirgi ya bi ta daga farko har ƙarshe ba, kuma ƴaƴansa sun yi shekaru masu yawa suna biyan bashin.

To yaya jirgi ke hawa? Ta ɗakunan ruwa, abin da Faransawa ke kira écluse. Ɗaki ne na dutse mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a buɗe ƴan tagogin da ke jikin ƙofar gaba, ruwan sama ya kwararo har ɗakin ya cika daidai da na gaba. Sannan a buɗe, jirgi ya fita ya samu kansa bisa. Wajen sauka kuma a zubar da ruwan. Ɗakunan Riquet siffar ƙwai gare su, don bango mai lanƙwasa ya fi jure turin ƙasa. A Fonseranes, dab da Béziers, ya jera guda 8 kamar matakala, suna ɗaga jirgi wajen mita 21. A Malpas kuwa dutse ya huda, jirgi na shiga duhu ya fito ta wancan gefe.

Abin da ya karya kasuwarta jirgin ƙasa ne. Layin dogo na Bordeaux zuwa Sète ya buɗe a 1857, a 1858 kamfanin dogon ya karɓi hayar kanal ɗin. Ka ji an ba kura ajiyar nama. Kaya suka koma dogo, sai a 1898 gwamnati ta maido da shi hannunta. A wannan shekara ta 1858 ne kuma aka buɗe gadar da ke ɗauke da ruwan kanal bisa kogin Orb, wato jirgi na tafiya bisa gada, kogi na wucewa ƙarƙashinsa.

Yau masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da ita. Mutum ya yi hayar ƙaramin jirgi mai inji, da ɗakin kwana da madafa, a nuna masa tuƙi cikin ɗan lokaci, ya kama hanya. Doka ba ta yarda a wuce kilomita 8 a awa ba, don kada igiyar ruwa ta ci gaɓa. Cikin ɗakin ruwa akwai ƙa'ida: igiya ana zagaya ta ga turke a riƙe da hannu, ba a ɗaure ta tamau, don in ruwa ya sauka jirgin sai ya rataye. Tsofaffin gadoji kuma ƙanana ne, irin ta Capestang, sai an sauke rumfa, kowa ya sunkuya, matuƙi ya saita tsakiya.

Wannan dabara ta iso kogin namu ma. Madatsar Kainji ta Najeriya, da aka gama a 1968, an yi mata ɗakin ruwa don jiragen kaya su wuce.

UNESCO ta sa Canal du Midi cikin kayan tarihin duniya a 1996. Amma tun 2006 wata cuta ta kama itatuwan da ke inuwantar da gaɓarta, wajen 42,000, saiwoyinsu kuma su ke riƙe ƙasa. An sare dubbai, ana dasa wasu iri a gurbinsu, kuma sai nan da shekaru masu yawa inuwar za ta dawo.