Daga fam 12 zuwa ₦70,000: tarihin bambancin albashi a Najeriya

Wannan makon za mu waiwayi tarihin ladan ma'aikata.

Tun zamanin Turawa, gwamnati ta kasa Najeriya shiyya-shiyya wajen biyan leburori. Na Legas ya fi na Kano samu, na Kano ya fi na karkara, bisa hujjar tsadar rayuwa. A 1964 Kwamitin Morgan ya ba da shawarar fam 12 a wata a Legas, fam 6 da sule 10 a karkarar Arewa. Da gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi jan ƙafa, ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari a watan Yuni, kusan mako biyu.

Sai a 1981, zamanin Shagari, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ₦125. A 2024 ya kai ₦70,000, inda Legas ta amince da ₦85,000, Kano ₦71,000.

Sai dai dokar ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu aikin gona na damina. Yaran shago, 'yan aikin gida da 'yan ƙodago duk suna waje. A garuruwanmu, wa ke yanke musu lada?