The Namesake

The Namesake ƙagaggen labari ne da marubuciya Jhumpa Lahiri ta rubuta da Turanci, kamfanin Houghton Mifflin ya buga shi a Amurka a shekarar 2003. Ma'anar sunan littafin da Hausa ita ce takwara. Labari ne na wani iyali 'yan ƙabilar Bengali da suka bar birnin Kalkata na Indiya suka zauna a jihar Massachusetts, kuma ya bi rayuwarsu daga 1968 zuwa 2000. Ana yawan kafa misali da shi wajen nazarin ƙaura da rikicin asali a adabin zamani, domin ya nuna cewa baƙuncin iyaye daban yake da na 'ya'yan da suka haifa a ƙasar baƙunta.

Marubuciya

An haifi Lahiri a Landan a shekarar 1967. Iyayenta 'yan Bengali ne, kuma ta girma a jihar Rhode Island ta Amurka. Sunanta na ainihi Nilanjana Sudeshna. Jhumpa laƙabin gida ne, wanda ya bi ta tun daga makaranta saboda ya fi sauƙin faɗa. Littafinta na farko, Interpreter of Maladies, tarin gajerun labarai ne, kuma ya ci kyautar Pulitzer a shekarar 2000. The Namesake shi ne dogon labarinta na farko.

Taƙaitaccen labari

Ashoke Ganguli ɗalibin digiri na uku ne a jami'ar MIT. Ya auro Ashima daga Kalkata, aure na haɗin iyaye. A 1968 ta haifi ɗa namiji a birnin Cambridge. Kakar Ashima ce ke da alhakin zaɓa wa jaririn suna, amma wasiƙar da ta aiko daga Indiya ba ta iso ba, asibiti kuma ya ce sai an rubuta suna a takardar haihuwa kafin a sallame su. Sai Ashoke ya ce a sa Gogol, sunan marubucin Rasha Nikolai Gogol. Dalili shi ne a 1961 ya yi hatsarin jirgin ƙasa a Indiya yana karanta littafin wannan marubuci, kuma shafin da ke hannunsa ne ya sa masu ceto suka gano shi da rai.

Yaron ya tashi bai san wannan dalili ba. Da ya girma sai ya tsani sunan, domin ba na Indiya ba ne, ba kuma na Amurka ba. Kafin ya shiga jami'ar Yale ya je kotu ya canza shi zuwa Nikhil. Ya zama mai zanen gine-gine a birnin New York, ya shaƙu da wata Ba'amurkiya mai suna Maxine, har ya koma zama a gidan iyayenta, ya rage zuwa gida. Mutuwar mahaifinsa ta farat ɗaya a jihar Ohio ce ta dawo da shi wajen mahaifiyarsa da ƙanwarsa Sonia. Daga baya ya auri Moushumi, 'yar Bengali irinsa, amma auren bai ɗore ba. A ƙarshen littafin Ashima ta sayar da gidansu da niyyar raba shekararta tsakanin Indiya da Amurka, Gogol kuma ya buɗe littafin takwaransa da mahaifinsa ya ba shi tun yana ɗan shekara 14.

Jigo

Suna shi ne ginshiƙin labarin. A al'adar Bengali mutum yana da suna biyu: daknam, wanda ake kiransa da shi a gida, da bhalonam, na makaranta da takardu. Wannan ya yi kama da laƙabi da sunan yanka a wajen Hausawa. Dokar asibitin Amurka ta mayar da laƙabin gida sunan hukuma, abin da ya kamata ya tsaya a cikin gida ya fita waje. Canjin sunan bai warware matsalar ba, domin iyayensa sun ci gaba da kiransa Gogol, abokansa kuma Nikhil, ya zama mutum biyu.

Iyayen sun san abin da suka rasa. Ashima tana kewar dangi da abinci da harshe, tana haɗa Rice Krispies da gyaɗa da barkono don ta kwaikwayi abin ƙwalamar titunan Kalkata. 'Ya'yan kuwa ba su bar wata ƙasa ba, amma a Amurka ana tambayarsu daga ina suke, a Kalkata kuma baƙi ne. Mutuwar auren Gogol da Moushumi ta nuna cewa asali ɗaya bai isa ya haɗa mutum biyu ba, domin ita ta nemi mafaka ne a harshen Faransanci da birnin Paris.

Labarin yana da tushe a tarihi. Dokar shige da fice ta 1965 ta soke tsarin da ke taƙaita shigowar 'yan Asiya Amurka, hakan ya sa injiniyoyi da likitoci da malamai 'yan Indiya da yawa suka ƙaura can.

Fim da littattafai masu alaƙa

A shekarar 2006 Mira Nair ta mayar da littafin fim. Kal Penn ya fito a matsayin Gogol, Irrfan Khan a matsayin Ashoke, Tabu kuma a matsayin Ashima.

Sauran littattafan da suka ɗauki wannan jigo sun haɗa da By the Sea na Abdulrazak Gurnah, wanda ya fito a 2001, da Brick Lane na Monica Ali a 2003, da Minaret na marubuciyar Sudan Leila Aboulela a 2005, da Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie a 2013.