Yadda sojojin Cortés suka zama masu ƙasa a Meziko

1/ Jama'a, ku zo in ba ku labarin yadda ƙwace ke rikiɗewa ya zama gado.

2/ Da Cortés ya ci Tenochtitlan a 1521, ya raba wa sojojinsa garuruwa. Sunan tsarin enkomiyenda: 'yan ƙasa su biya haraji, su yi aikin tilas.

3/ A 1529 sarkin Sifaniya ya ba shi sarautar Markis, da talakawa 23,000.

4/ A 1542 sarki ya hana gadon enkomiyenda. Masu ita suka ce ba su san zancen ba. A 1545 ya janye.

5/ Da annoba ta cinye talakawa, haraji ya ragu, sai suka koma tara filaye. Jikokinsu kuwa, "gadonmu ne" suke cewa.