Yadda Aka Koyi Ɗaure Kayan Kwamfuta

In manomin Kalmalo zai kai kaya kasuwar Illela, yakan tara su wuri ɗaya, ya danne, ya ɗaure tamau domin jaki ya iya ɗauka. Masu kwamfutocin gida na farko a Amurka su ma sun bukaci irin wannan dabara, gama ta wayar tarho suke aika wa juna manhaja, ga jinkiri, ga tsadar kira.

A 1985 wani mutum mai suna Thom Henderson ya fito da ARC, watau hanyar haɗa fayiloli da yawa cikin ƙunshi ɗaya a matse su. Ga yadda ake matsewar: abin da ya yi ta maimaituwa, sau ɗaya za a rubuta shi, sa'an nan a sa 'yar alama a madadinsa. In ƙunshin ya isa, sai a kwance, kome ya koma yadda yake.

Ba a daɗe ba wani saurayi, Phil Katz, ya yi tasa wadda ta fi sauri. A 1988 kamfanin Henderson ya kai shi ƙara, aka yi sulhu a kan ya bar ARC. Sai Katz ya ƙago ZIP a 1989, ya bayyana tsarinsa a fili, kowa ya yi aiki da shi kyauta. Nan da nan jama'a suka juya wa ARC baya.

Katz ya rasu a 2000, amma har yanzu manhajar wayoyin Android da ɗaurin ZIP take zuwa. Abin da aka sakar wa jama'a shi ya yi ƙarko.